Koyon karatun katin tarot a Agege: kundin aiki, Afrilu zuwa Yuli 2025

Lahadi, 6 ga Afrilu

Tun kafin azumi kwalin nan na tarot, kartar Turawa mai hotuna da wasu suke duba da ita, yake hannuna, amma sai da aka yi salla sannan na ɓare shi. Wata kwastoma ce daga Lekki ta zo da shi shagonmu na Shomolu, wai a buga mata irinsa da nata zanen. Da Oga ya yi mata lissafin takarda da laminashin da yankan kusurwa, sai ta ce za ta yi shawara, samfurin kuma mu riƙe, tana da wani a gida. Har yau shawarar take yi.

Sana'ata zane a kwamfuta: kalandar biki, katin ɗaurin aure, sitikar suna, fostar 'yan takara idan kakarsu ta kama. Shi ya sa hotunan ne suka fara kama idona. Kowane kati labari ne da aka tsayar a tsakiya, ba a gaya maka farkonsa ba, ba a gaya maka ƙarshensa ba.

Buri biyu na ɗaura. Na farko, in iya karanta katunan duka, in san abin da aka zana da abin da masu harkar suke cewa yana nufi, ba tare da leƙa ɗan littafin da ke cikin kwalin ba. Na biyu, in zana nawa da rayuwar Hausawan Legas, wanda yaran gidanmu za su riƙa ɗauka suna ƙulla tatsuniya da shi. Gaibu na Allah ne, ban shigo neman sanin gobe ba. Na rubuta wannan tun a shafin farko don na san mutanenmu, kafin ka rufe baki an ce ɗan gidan wane ya zama boka.

Kati 78 ne. Manya 22, masu lamba daga 0 zuwa 21, kowane da sunansa. Ƙanana 56, an raba su gida huɗu: sanduna, kofuna, takubba da sulalla. Kowane gida yana da 1 zuwa 10, sai 'yan fada huɗu, wato yaron sarki, barde, sarauniya da sarki. Faɗin katin santimita 7, tsawonsa 12. Hannun da ya saba da Whot sai ya ji sun yi masa girma, ina cakuɗawa suna zubewa a tabarma.

Asabar, 12 ga Afrilu

Hanyar da na ɗauka: in ajiye kati a gabana, in rubuta duk abin da idona ya gani, sai na gama sannan in buɗe ɗan littafin.

Wawa, mai lamba 0. Saurayi ne ya ɗaga kai sama, ƙullin kayansa a rataye a kan sanda, farin fure a ɗaya hannun. Taku ɗaya ya rage masa ya afka kwazazzabo. Ɗan farin kare yana tsalle a gefen ƙafarsa, ba ka iya cewa gargaɗi yake yi masa ko murna yake taya shi. Littafin ya ce sabuwar tafiya, rashin tsoro, wauta. To, duka uku suna cikin hoton, ya danganta da inda ka fara ɗora ido, kan fuskarsa ko kan ƙafarsa.

Mai Dabo, lamba 1, yana tsaye gaban tebur, a kai akwai sanda da kofi da takobi da sule. Hannu ɗaya sama, ɗaya yana nuna ƙasa. A tsofaffin katunan Faransa ba wani babban masani ba ne, ɗan wala-wala ne na bakin kasuwa da kofunansa, irin wanda ke tara jama'a yana ɓoye ƙwallo. Daga baya aka sa masa alkyabba aka ɗaga darajarsa. Ni tsohon ya fi yi mini gaskiya.

Lahadi, 20 ga Afrilu

Makon nan tarihi na bi, don na gaji da ganin ana maimaita cewa tarot daga Masar ta Fir'auna ya fito. Ba haka ba ne. A arewacin Italiya ya ɓulla, wajejen 1440, a biranen Milan da Ferrara da Florence, kuma karta ce ta wasa zalla. Aikin manyan katunan shi ne su doke ƙananan a zagaye. Wasu daga cikin waɗanda aka zana wa gidan sarautar Visconti da Sforza na Milan, da hannu, da ruwan zinare, suna nan a gidajen tarihi. Har gobe a Faransa da Ostiriya mutane suna zama su buga wasan, ba ruwansu da wani duba.

Sama da shekara 300 wasa kawai aka san shi da shi. A 1781 ne wani Bafaranshe, Antoine Court de Gébelin, ya rubuta cewa katunan nan ɓoyayyen littafin limaman tsohuwar Masar ne. Hujja? Babu. A lokacin ma ba wanda ya iya karanta rubutun Fir'auna, sai a 1822 Champollion ya warware shi, kuma ba a tarar da ko kati ɗaya a ciki ba. Amma magana ta riga ta fita. Wani mai laƙabin Etteilla ya mayar da abin sana'a, ya buga nasa katin musamman don duba. Éliphas Lévi ya zo a shekarun 1850 ya ɗaura manyan 22 a kan haruffan Ibrananci 22. Kowa ya zo sai ya ɗora nasa tubalin.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne akwai Masar a labarin, sai dai Masar ta Musulmi ce. Karta ta shiga Turai a shekarun 1370 daga daular Mamluk. A fadar Topkapi da ke Istanbul akwai ragowar wata kartar Mamluk, gidajenta huɗu: kofuna, sulalla, takubba da sandunan polo. Turawan wancan zamani ba su san polo ba, suka mayar da ita sanda kawai. Ni da kakana Bakatsine ne, garin da Sarki Usman Nagogo ya yi suna a kan doki da sandar polo, sai da na yi dariya ni kaɗai a ɗaki. Kuma a kartar tasu babu hoton mutum ko ɗaya. Sarki da na'ibinsa da na'ibi na biyu, da rubutu da ado aka nuna su.

Asabar, 3 ga Mayu

Kwalin da ke hannuna shi ne wanda duniya ta fi sani. Kamfanin Rider ya buga shi a Landan a 1909, Arthur Edward Waite ya tsara ma'anonin, wata mata mai suna Pamela Colman Smith ta zana. Shekara da shekaru ana kiransa da sunan kamfanin da na Waite, nata sunan ba ya ciki. Duk mai zane a Shomolu ya san wannan ciwon. Ka kwana kana gyara hoton amarya, a ƙasan kalanda a sa sunan mai injin da na uwar biki.

An haife ta a Landan a 1878, ta yi wani ɓangare na yarintarta a Jamaika, ta koyi zane a makarantar Pratt a Brooklyn. Cikin 'yan watanni ta gama katunan 78, kuma a wata wasiƙa ta faɗa da bakinta cewa babban aiki ne a kan kuɗi kaɗan. Ta rasu a 1951 a Bude, can kudu maso yammacin Ingila, da bashi a wuyanta. Amma ta yi dabara. Na sa gilashin da muke duba ɗigon tawada da shi a shago, na ga haruffan sunanta uku a harɗe a kusurwar kusan kowane kati.

Babban abin da ta yi yana cikin ƙananan. A tsofaffin katunan Marseille na Faransa, takubba biyar takubba biyar ne kawai a jere, ba mutum ba labari. Ita ce ta sa wa kusan kowane ɗaya mutane da wuri da yanayi, ko da yake wani tsohon kati na Italiya, Sola Busca, na wajejen 1491, ya riga ta, har ta ɗauko zuciyar nan da takubba uku suka soke daga gare shi. Kuma tun a 1899 ta fitar da littafin tatsuniyoyin Anansi da ta ji a Jamaika, gizo-gizon nan mai wayo da bayi suka tafi da labarinsa daga ƙasar Akan ta Ghana. Ashe hannun da ya zana katunan nan ya san Gizo. Daga ranar na daina jin kamar aron abin wasu zan yi.

Lahadi, 11 ga Mayu

Na gama manyan, na shiga ƙananan. Akwai mabuɗin da ya rage mini hadda: sanduna wuta ce, wato himma da aiki; kofuna ruwa, wato zuciya da zumunci; takubba iska, wato tunani da rigima; sulalla ƙasa, wato dukiya da sana'a. In ka riƙe wannan, rabin aikin ya tafi.

Jiya na je Mile 12 gaida Kawu, yana rumfar 'yan tattasai. Ana sauke tirela, wani ɗan dako ya wuce ta gabana da kwandon tumatir, wuyansa ya lanƙwashe, ba ya ganin komai sai dugadugan na gabansa. Sanduna 10 ke nan ba ragi. A katin, mutumin ya rungumo sanduna goma, ya cusa fuskarsa a cikinsu, gari yana can gaba amma ba ya ganinsa. Ban sake buƙatar littafi a kan wannan ba.

Sulalla 6 kuwa ni da littafin mun saɓa. Shi ya ce karamci. Attajiri ne a tsaye, mabarata biyu sun durƙusa, yana zuba wa ɗaya kuɗi a tafi, ɗayan yana jira. Amma a hannunsa na hagu sikeli ne. Wanda ya taɓa tsayawa layin rabon hatsi a ƙofar gidan wani alhaji cikin azumi ya san kallon da ake yi wa mai sikelin nan. Karamci ne in kana tsaye. In kana durƙushe wani abu ne dabam. Sulalla 5 ma haka: mabarata biyu cikin ƙanƙara, ɗaya da sandunan dogarawa, suna wuce tagar coci mai haske. Cire ƙanƙarar ka sa ruwan Yuni, kana titin Kano a Ebute Metta.

'Yan fada 16 su ne suka tsaya mini a wuya. Duk tsaye suke ko zaune ko bisa doki, ba abin da ke faruwa. Batun katin da ya fito a juye, wanda ake ce ma'anarsa ta juya ko ta raunana, na ɗage shi tukuna.

Lahadi, 18 ga Mayu

Na karanta labarin wani malamin halayyar ɗan Adam a Amurka, Bertram Forer. A 1948 ya ba ɗalibansa 39 takarda, ya ce kowa an rubuta masa bayanin halinsa, su auna dacewarsa daga 0 zuwa 5. Matsakaicin makin ya kai 4.3. Alhali takarda iri ɗaya ya raba musu, daga wani littafin taurari na bakin titi ya tsinto jimlolin.

Ranar Laraba an ɗauke wuta, janareta kuma ba mai, muna zaune a shago. Na ce bari in rubuta wa kowa halinsa, ban taɓa kati ba. Na rubuta: kana da kirki amma mutane suna ɗaukarsa rauni, kuɗi suna shigo maka amma ba sa zama, akwai na kusa da kai da ba ya son ci gabanka, kana da wani shiri da ba ka gaya wa kowa ba. Na ninke, na miƙa wa kowa tasa. Mai injin yanka, Bayarabe ne dattijo, ya karanta ya ɗago ya ce, "Malam, wa ya gaya maka?" Na ce su yi musanya. Aka fashe da dariya, Oga har da buga tebur. Amma yarinyar da ke haɗa littattafai ba ta yi dariya ba. Ta ce ita dai tata gaskiya ce, ta ninke ta sa a jaka. Wannan ya fi dariyar zama mini a rai.

Na kuma yi ɗan lissafi. In ka jera kati uku daga 78, hanyoyin da za su iya fitowa 456,456 ne, shi ya sa kowane jeri yake zama kamar naka ne kai kaɗai. A shimfiɗar nan ta kati goma da aka fi yayi, Mutuwa tana fitowa kusan sau ɗaya cikin takwas. In ka haɗa ta da Hasumiya da Shaiɗan, sau ɗaya cikin uku ɗayansu zai leƙo. Ƙara Takubba 3 da Takubba 10, ya zama rabi da rabi. Mai son tsorata kwastoma ba ya buƙatar aljani.

Juma'a, 23 ga Mayu

Labarin takardun ya riga ni isa Agege, ban san ta wace mota ba. Bayan an sauko daga masallaci na ɗauki kwalin na tafi wurin Malam, wanda ya biya mini allo tun ina yaro. Gara ya ji daga bakina.

Ya sa tabarau, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Masu tsiraici, wato Masoya da Shaiɗan da Tauraruwa da sauransu, yana gani yana kifewa. Ya daɗe a kan Hisabi, mala'ika yana busa ƙaho, matattu suna tasowa daga akwatuna, ga tuta mai gicciye. Ya ce, "Sun ji labarin, sun zana abin da ba su gani ba."

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ni hotunan nake koya, ba duba ba."

Ya ce, "Kana cakuɗa su ka ja ɗaya da safe?"

Na ce littattafan koyo duk haka suke cewa a yi, wai katin yini, don hadda ta zauna.

Ya ce, "In ka ja, zuciyarka ba ta cewa bari mu ga yadda yau za ta kasance?"

Na yi shiru. Sai ya kawo mini azlam, kibiyoyin da Larabawan jahiliyya suke ja kafin tafiya ko aure, wata an rubuta yi, wata kar ka yi, wata ba komai. Ya karanto aya ta 3 da ta 90 a Suratul Ma'ida inda aka haramta su, da aya ta 65 a Suratun Namli, cewa babu wanda ya san gaibu a sammai da ƙasa sai Allah. Ya tuna mini hadisin da Muslim ya ruwaito, wanda ya je wurin mai duba ya tambaye shi wani abu ba a karɓar sallarsa ta kwana arba'in. Ya ce takarda takarda ce, tambayar ita ce matsalar. Mai neman zaɓi ga istihara nan, ga shawara. Sannan ya ce, "Da ni ne da na bar shi gaba ɗaya. Ka san misalin makiyayin da ke kiwo a gefen shinge." Ya kuma taɓo batun zanen mai rai, ya ce malamai sun yi magana mai yawa a kai, in yi hattara.

Bai ce in ƙona ba, ni ma ban yi alkawarin bari ba. Abin da na yanke a hanyar gida: ba cakuɗawa, ba ja a rufe, ba yi wa kowa. A buɗe zan riƙa jera su bisa lamba, ina nazari. Waɗanda ya kife kuma na ware su a ambulan, don yara suna shiga ɗakina.

Lahadi, 1 ga Yuni

Aikin salla ya taso, ba lokaci. Abu ɗaya kawai zan rubuta. Dattijon injin yanka ya ce kakansa babalawo ne, wato mai duban Yarabawa da ake kira Ifa, ko da yake shi coci yake zuwa. Ya raina katunan ƙwarai. Ya ce Ifa manyan odu, wato alamomin duba, 16 ne, in suka haɗu su zama 256, kowane da baitocinsa, mutum ya shekara da shekaru yana hadda a gaban ubangidansa kafin a bar shi ya jefa opele, sarƙar da suke duba da ita. Wai amma yaran Instagram sun sayi kwali yau, jibi sun sa lambar asusu. Na ce ai masu bugun ƙasa namu ma gidaje 16 suke zanawa a rairayi. Ya ce to ka gani. Ban gane me na gani ba, amma na bar shi. UNESCO dai ta sa Ifa cikin gadon al'adun duniya tun 2005. A gefe guda kuma tsohuwar dokar laifuka ta kudancin ƙasar nan, sashe na 424, ta tanadi ɗaurin shekara ɗaya ga mai karɓar kuɗi don faɗin abin da zai faru. Tsakaninsa da sashe na 419 ba nisa.

Litinin, 9 ga Yuni

Bayan magariba Gwaggo ta leƙo ta ce ina da baƙuwa. Wata maƙwabciyarmu ce, dattijuwa, tana sayar da ƙosai a bakin layi. Ta ajiye kwanon soyayyen naman salla, ta zauna a bakin tabarma, muka gaisa, aka yi barka da salla. Ta daɗe tana murza bakin mayafinta, inda ta ƙulle kuɗi.

Ɗanta ya tafi ta Agadas zai shiga Libiya. Da yana kira, daga baya wayar ta daina shiga.

Ta ce, "Ɗana, an ce kana da takardun Turawa masu nuna abu. Ka duba mini ko yana raye."

Na ce, "Inna, wallahi ba sa nuna komai. Hotuna ne, wata mata ce ta zana su a Ingila. Ni zane nake koya."

Ta ce, "Ai na ji abin da ka gaya wa mutanen shagonku, duk ya fito daidai."

Na yi mata bayanin takardun, cewa abu ɗaya na rubuta wa kowa. Ba ta saurara ba, ko ta saurara bai shige ta ba. Ta kwance ƙullin ta turo kuɗin gabana. Ta ce, "Ko ƙarya ce ka gaya mini, in samu in yi barci."

Kwalin yana kan kanta, taku biyu daga inda take. Na san abin da ke ciki. Akwai Takubba 6, mai fito yana tura kwalekwale da gora, mace da yaro sun juya baya, ana nufar wata gaɓa. Da shi ya fito da ta ce ya haye. Akwai Takubba 10, mutum kwance rub da ciki a bakin ruwa, takubba goma a bayansa. Da shi ya fito da ta tashi da makoki. Ko wanne ya fito, hannuna ne ya cakuɗa, kuma ko wanne za ta gaskata, don ta zo da labarinta a shirye, hoto kawai take nema ta zuba shi.

Na mayar mata da kuɗinta. Na ce ƙungiyar Red Cross tana da sashen neman waɗanda suka ɓace wa danginsu, kuma hukumar ƙaura ta duniya, IOM, takan dawo da 'yan Najeriya daga Libiya ta filin jirgin Legas. In ta kawo hotonsa da lambar da ya kira da ita ta ƙarshe, zan wanke hoton a shago in raka ta a shigar da bayanansa. Ta ce to, Allah ya yi albarka, amma muryar ba ta wanda ya samu abin da ya zo nema ba ce. Ta bar naman.

Lahadi, 15 ga Yuni

Maƙwabciyar tamu ta aiko jikarta da hoton, na gyara shi na wanke, an shigar da bayanan. Gwaggo kuma ta ce ta ji matar ta je wurin wani mutum can bayan kwata, ya ce yaron yana raye amma an ɗaure shi, sai an kawo baƙin rago. Ban buɗe kwalin ba makon nan.

Lahadi, 22 ga Yuni

Na koma kan zane na. Kartar Mamluk ce ta ba ni mafita a kan maganar Malam: ba fuska. Hannaye, kaya, wurare, in ya zama dole sai mutum ta baya daga nesa.

Gidajena huɗu: sandar makiyayi, ƙwarya, wuƙar mai tsire, da goro a madadin sulalla. Na so in sa wuri, kuɗin mutanen da, sai na tuna da shi ake wani duban, na fasa. Goro ma ya fi dacewa, tunda cinikinsa ne ya zaunar da kakanninmu a Agege. A manyan, Wawa ya zama Baƙo: jakar Ghana-must-go da silifas a bakin tasha, ƙafa ɗaya ta sauka daga mota. Mai Dabo ya zama Gizo, saƙarsa kawai na zana a kusurwar rumbu. Dabaran sa'a tayar danfo ce. Hasumiya, wadda a katin asali tsawa ta faɗa mata ta tumɓuke kambinta, ta zama bene mai tsagewa da bokitin siminti a ƙasa. Ba sai an yi wa ɗan Legas bayani ba, wanda ya ga mai hawa 21 da ya rufta a Ikoyi a Nuwamban 2021.

Mun yi musu da Gwaggo a kan Mutuwa. Ta ce ba a sa wa yara wannan a wasa. Na ce tatsuniyar da ta yi mana muna yara Dodo yana haɗiye mutane har da shanunsu. Ta ce Dodo dabam, makara dabam. Ta fi ni gaskiya a nan, na sa Dodo, sawunsa kawai a bakin rafi.

Lahadi, 6 ga Yuli

Gwajin farko. Na buga a farar takarda, na yanka da almakashi, na baza a buɗe a tsakar gida, na ce kowa ya zaɓi uku da idonsa. 'Yar yayata, tana aji huɗu, ta ɗauki Baƙo da Goro 7 da Bene. Ta gyara zama ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku." Sauran suka ce, "Ta zo mu ji ta." Wai wani mutum ne ya zo Legas da goro bakwai, ya ba mai gadi ɗaya ya bar shi ya kwana a bene, ya ba ɓera ɗaya, ɓeran ya gaya masa ginin zai faɗi cikin dare. Sauran biyar ɗin ta manta da su, ƙanenta ya ce, "Kawu, ai cinyewa ya yi," aka yi ƙurunƙus.

Abin da na lura: katunan da na cika wa kaya, irin su kasuwar da na zana da kwanduna da motoci da laima, labari ɗaya kowa yake ba su. Waɗanda ba komai sai hannu da ƙwarya, kowane yaro da nasa. Zan rage kaya a guda shida. Wuƙa 3 kuma ba wanda ya taɓa, sai an sake ta.

Lahadi, 13 ga Yuli

Na rage girman zuwa na karta, milimita 63 da 88, don hannun yara. Da rarar gefe, 18 ne suke shiga babbar takarda ta SRA3, don haka na tsayar da adadin a 36, takarda biyu cif: manya 8, sai kowane gida 1 zuwa 7. Kwali mai nauyin giram 350, laminashin marar ƙyalli, don mai ƙyalli yana manne wa juna in damina ta yi nisa. Gwajin da aka fitar jiya, rawayar danfo ta fito da ɗan kore-kore, na cire shuɗin da ya shiga cikinta, za a sake.

A burin farko kuwa: manyan 22 sun zauna. Masu lamba 40 saura kaɗan, Kofuna 4 da Kofuna 7 ne nake yawan haɗa ma'anarsu. 'Yan fada har yanzu sai na leƙa littafi, kuma tunda ba su cikin nawa katin, ban ga abin gaggawa ba.

Saura bayan kati. Gwaggo tana son dagin Arewa, ni ina son zanen tabarma, yara sun ce a sa Gizo. Oga ya ce in na shirya zai ba ni injin ranar Asabar da yamma, bayan an gama takardun wani taron coci, amma kuɗin kwali daga albashina.